Takalmi Mai Ƙusa: Labarin Sholay da Hukuncin Mai Rama Gayya da Hannunsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta zalunci a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan bayani ne zuwa ga malamai ma'abota allo da tawada, da fatake da 'yan kasuwa masu bin hanya da dukiya, a kan wani wasan sinima na ƙasar Indiya mai suna Sholay, watau garwashin wuta, wanda ya fito a shekarar 1975. Watakila wani dattijo ya ce me ya haɗa zauren karatu da sinima. Amsa ita ce, yaran shago da direbobi da 'yan dako, har da waɗansu almajirai, sun daɗe da kallonsa, kuma tambayar da ke cikinsa tambaya ce ta fiƙihu: idan ɓarayi suka gallabi gari, hukuma kuwa ta yi nisa, wa ke da ikon kama su, wa kuma ke da ikon yanke musu hukunci?

Fasali a kan Nassarawa da ƙofofinta

Wanda ya bi titunan unguwar Turawa ta Nassarawa a Kano bayan sallar lisha, zai ga gidaje masu dogayen katangu, bisa katangun an shimfiɗa waya mai ƙaya, a bakin kowace ƙofa ga maigadi da tocila da gora. A can ne Turawa suka sauka bayan sun ci Kano a 1903. A can Razdan ya zauna, a can kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. Dokar Turawa ta wancan zamani ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa. Saboda a wannan shiyya mai mulki yake, shi ya sa aka sami hawan Nassarawa, ranar da Sarki kan fita daga birni a lokacin salla ya je su gaisa da Razdan, daga baya kuma da Gwamna.

Turawa sun tafi, alhazai da attajirai da manyan ma'aikata suka gaji gidajen. Abin lura shi ne, a unguwar da ta fi kowace kusa da mazaunin hukuma, maigida bai yarda ya kwanta ba sai ya biya wanda zai kwana a farke dominsa. To, ina ga ɗan ƙauyen da ke nesa da ofishin 'yan sanda tafiyar yini guda? Wannan ɗan ƙauye shi ne aka yi wasan Sholay a kansa.

Fasali a kan yadda sinima ta shigo Kano

Kwarori 'yan kasuwa ne suka gina gidajen sinima na farko a Kano, a bayan ganuwa, wajen Fagge da Sabon Gari, kamar Rex wadda aka buɗe a 1937. Malaman birni ba su yi na'am da abin ba. A 1951 wuta ta kama gidan sinima na El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka halaka, jama'a da yawa suka ɗauki wannan a kan ishara. A cikin wannan zamani ne kuma aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, aka yi ta tsine wa masu shiga, har daga baya aka rufe ta aka mai da ginin asibiti.

Duk da haka mutane ba su fasa kallo ba, kuma wasannin Indiya suka fi shiga ransu, domin sun ga mata masu lulluɓi, da 'ya'ya masu jin kunyar iyaye, da rawani, da talaka mai fama da mai kuɗi. An shekara da shekaru ana maimaita Mother India, wasan 1957, inda uwa ta harbe ɗanta da hannunta bayan ya zama ɗan fashi. Har sunaye Hausawa suka raɗa wa 'yan wasan. Dharmendra suka ce da shi Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt kuwa suka kira shi Ɗan Daba Mai Lasin. Mai karatu ya riƙe wannan suna na biyu, gama za a komo kansa.

Fasali a kan labarin

Ramesh Sippy ne ya shirya Sholay, marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, suka tsara labarinsa. An ɗauke shi a cikin duwatsun Ramanagara, kusa da Bangalore, aka fara nuna shi ranar 15 ga Agusta, 1975. Tsawonsa ya haura awa uku.

Akwai wani ƙauye wai shi Ramgarh, wanda wani shugaban 'yan fashi, Gabbar Singh, ya sa wa ƙahon zuƙa. Shi da mutanensa suna zaune cikin duwatsu da dawakai da bindigogi. Idan kaka ta yi sai ya aiko a auna masa hatsi, wanda ya ƙi ya gamu da fushinsa, kuma yana kiran wannan hatsi ladan tsaro, wai shi ne ke kare ƙauyen daga sharrin kansa. Iyaye mata har suna tsorata yara da sunansa don su yi barci. Gwamnati ta sa ladan rupi 50,000 ga wanda ya kawo shi.

A ƙauyen akwai wani mai gonaki, Thakur Baldev Singh, tsohon sufeton 'yan sanda. Kullum yana lulluɓe da mayafi, ba a ganin hannuwansa. Sai ya aika gidan yari a nemo masa waɗansu ɓarayi biyu, Jai da Veeru, watau Amitabh Bachchan da Dharmendra. Ya san su ne tun wata rana da ya kamo su cikin jirgin ƙasa, 'yan fashi suka tare jirgin, ya kwance musu ankwa suka taya shi faɗa, aka harbe shi, su kuwa maimakon su gudu sai suka kai shi asibiti. Ya ce zai ƙara musu rupi 20,000 bisa ladan gwamnati, da sharaɗi guda: su kawo masa Gabbar da ransa, shi da kansa, ba ofishin 'yan sanda ba.

Sai da wasan ya yi nisa aka bayyana dalili. Ashe Thakur ya taɓa kama Gabbar bisa ƙa'ida, ya kai shi gaban shari'a, aka ɗaure shi. Gabbar ya tsere daga kurkuku, ya zo gidan Thakur yana can wurin aiki, ya harbe 'ya'yansa da surukarsa da ɗan jikansa ƙarami, ba wanda ya tsira cikin iyalin sai wata suruka ɗaya, Radha, wadda ba ta gida a lokacin. Thakur ya hau doki cikin fushi ya bi shi shi kaɗai, aka kama shi, aka ɗaure shi tsakanin ginshiƙai biyu, Gabbar ya sa takubba ya sare masa hannuwa duka biyu. Abin da mayafin ke ɓoyewa ke nan.

Amjad Khan, wanda ya fito a matsayin Gabbar, ba sananne ba ne kafin wannan wasa, amma shi ne ya fi zama a zukatan masu kallo. Akwai wurin da mutanensa uku suka komo hannu banza, Jai da Veeru sun kore su daga ƙauye. Ya ɗauki libarba mai gidan harsashi shida, ya harba uku sama, ya juya ragowar, ya ɗora wa kowannensu a kai ya ja kunama, duka ukun ba ta tashi ba. Ya fashe da dariya, suka taya shi, sannan ya juya ya harbe su da harsasan ukun da suka rage. Da wannan aka nuna cewa ko yaransa ba su da aminci a hannunsa.

Wurin da ya fi cancanta malamai su sani shi ne na limamin ƙauyen, tsoho ne makaho, yana da ɗa guda mai suna Ahmed. Yaron ya kama hanya zai tafi birni neman aiki, mutanen Gabbar suka tare shi suka kashe shi, suka ɗora gawar bisa dokinsa suka koro shi gida, da takarda cewa a miƙa baƙin nan biyu ko kuwa a ga abin da ya fi haka. Mutanen gari suka ruɗe, mafi yawansu suka ce a ba da su a huta. Tsohon ya shafa fuskar ɗansa ya gane shi, ya gaya wa jama'a cewa ba nauyin da ya kai na uba ya ɗauki gawar ɗansa, amma duk da haka ya fi son mutuwa da mutunci bisa zaman wulaƙanci. Ana cikin haka aka kira salla, ya nemi a ja shi zuwa masallaci.

A ƙarshe Jai ya tsaya shi kaɗai a bakin wata gada ya tare 'yan fashin don abokinsa ya tsira, ya mutu a nan. Veeru ya auka wa sansanin Gabbar, ya kusa kashe shi, sai Thakur ya tuna masa alkawari. Aka bar mai hannu da marar hannu. Thakur ya sa an buga wa takalmansa ƙusoshi, da su ya yi ta tattake Gabbar har ya ragargaza masa hannuwa.

Fasali a kan ƙarshe biyu

A nan ne abin da ya sa aka rubuta wannan bayani yake. Yadda Ramesh Sippy ya fara ɗauka, Thakur ya kashe Gabbar, sannan ya durƙushe yana kuka. Amma a watan Yuni na 1975 Firayim Minista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a Indiya, kuma hukumar tace finafinai ta ƙasar ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana kisa da kansa ba tare da shari'a ba. Tilas aka koma duwatsun aka sake ɗauka. A sabon ƙarshen, Thakur ya ɗaga ƙafa zai taka wuyan Gabbar, sai ga 'yan sanda, babbansu ya tuna masa cewa shi ma ma'aikacin doka ne a da, hukunta mai laifi kuwa aikin shari'a ne. Ya sauke ƙafarsa, aka tafi da Gabbar a ɗaure.

Wannan ƙarshe na biyu shi duniya ta kalla a gidajen sinima. Makonnin farko wasan bai yi kasuwa ba, masu sharhi suka kushe shi, daga baya labarinsa ya bazu daga baki zuwa baki, har ya shekara biyar ana nuna shi a gidan sinima guda, Minerva, a birnin Bombai. Aka sayar da maganganun Gabbar a faifai kamar yadda ake sayar da waƙa. A 2025, da wasan ya cika shekara 50, aka gyara tsohon kwafin aka nuna shi da ƙarshensa na asali a birnin Bologna na Italiya. A watan Nuwamba na wannan shekara Sarkin Ƙarfi ya rasu.

Mafi yawan masu son wasan sun fi son ƙarshen farko, kuma dalilinsu ba na banza ba ne. Sun ce, ai an taɓa kai Gabbar kurkuku ya fito. Wa ya tabbatar ba zai sake fitowa ba? Ina 'yan sandan nan suke sa'ad da ake auna masa hatsi, sa'ad da aka kashe ɗan liman? Ba su zo ba sai da aka gama wahala. Wannan magana mai karatu ya sha jin irinta a kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, duk ranar da aka ce ɓarawon da aka kama jiya an gan shi yau yana yawo.

Sai dai ya kamata a san yadda abin ya kasance a zahiri. An yi wani ɗan fashi na gaske mai suna Gabbar Singh a yankin Bhind cikin shekarun 1950, wanda ya shahara da yanke wa mutane hanci, kuma 'yan sanda ne suka kashe shi a fagen fama a 1959. A 1972 kuma ɗaruruwan 'yan fashin kwarin Chambal suka ajiye bindigoginsu a gaban wani dattijo, Jayaprakash Narayan, suka yarda a yi musu shari'a. Ba a ji cewa ɓarayin haya biyu ne suka kawo ƙarshensu ba.

Fasali a kan abin da littattafan fiƙihu suka tsara

Wanda ya karanta Risala da Muhtasar a zaure ya san malaman Malikiyya sun raba wannan mas'ala gida biyu, ba su cuɗa su ba.

Gida na farko shi ne kare kai. Idan ɗan fashi ya auko wa mutum yana neman ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa, ya halatta ya tunkuɗe shi. In da hali, a fara haɗa shi da Allah ya janye. In ya ƙi, a yaƙe shi, kuma jininsa ya tafi a banza, wanda aka kashe yana kare abinsa kuwa yana da ladan shahada. Mutanen gari su taru su taimaki juna a kan haka abu ne mai kyau. Saboda haka tsayuwar mutanen Ramgarh, da maganar limaminsu, da tsayuwar Jai a bakin gada, ba abin zargi a ciki ta wannan fuska.

Gida na biyu shi ne hukunci, kuma yana farawa ne daga sa'ar da ɗan fashin ya shiga hannu. Da zarar an ɗaure shi, ko ya jefar da makami, haɗarin da ya halatta dukansa ya gushe, abin da ya rage na Sarki ne da alƙalinsa. Haddin fashi shugaba ne ke tsai da shi. Ƙisasi ba ya tabbata sai da iƙirari, ko shaidu biyu adalai, ko rantsuwa hamsin ta dangin mamaci idan akwai alama mai ƙarfi. Ko bayan ya tabbata, idan waliyyin jini ya yi gaban kansa ya kashe ba da izini ba, ana ladabtar da shi, domin ya shiga hurumin shugaba, abin da malamai ke kira iftiyati. Shugaba yana iya miƙa wa waliyyi mai kisan ya zartar, amma a hana shi azabtarwa da wasa da gawa. Ramuwar gaɓoɓi kuwa, kamar hannu da ido, ba a barin wanda aka cuta ya yi da kansa, sai a sa wanda ya ƙware, don kada fushi ya sa a zarce iyaka. Ƙona mai rai da wuta haramun ne. Kuma ɗan fashin da ya tuba ya miƙa kansa tun ba a ci ƙarfinsa ba, haddin fashi ya faɗi daga kansa, haƙƙoƙin mutane ne suka rage a wuyansa.

In aka auna Thakur da wannan ma'auni, an zalunce shi zalunci mai girma, kuma yana da haƙƙin jini da na hannuwa. Amma sharaɗin da ya kafa tun farko, cewa a kawo masa Gabbar shi kaɗai, da ƙusoshin da ya sa aka buga wa takalmi, sun nuna ya nufi ya zama mai ƙara da alƙali da hauni a lokaci guda. Hikimar hana haka a fili take. A sinima mai kallo ya ga laifin Gabbar da idonsa, ba ya shakka. A kasuwa kuwa ba wanda ya ga kome sai wanda ya fara ihu, shi ma watakila bai gani ba.

Amma littattafan nan ba talaka kaɗai suka ɗora wa nauyi ba. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, nasiha a kan wajiban sarakuna, ciki har da sauraron ƙarar talakawa da tsai da adalci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a nan Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, don ya nuna wa masu mulki yadda ake shari'a. Wanda aka ba ikon hukunci shi aka ɗora wa tsaron hanya da kasuwa. Idan ya bar ƙauye a hannun ɓarayi shekara da shekaru, ko aka saki mai laifi saboda toshiya, to yana da kaso cikin alhakin abin da fusatattu suka aikata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Fasali a kan abin da ya auku a ƙasar nan

A 1998 masu ɗinkin takalma na kasuwar Ariaria a garin Aba suka gaji da 'yan fashi, suka haɗa samari da adduna, 'yan kasuwa suka riƙa biyansu. Su ne aka sani da 'Yan Bakassi. Da farko sata ta ragu ƙwarai, mutane suka yi ta yabo, har gwamnatin Anambra ta gayyace su a shekarar 2000 suka shiga Onitsha. Suna da'awar wai addarsu tana gane mai laifi. Suna sare mutum a bainar jama'a su cinna masa wuta. A 2001 Lancelot Imasuen ya yi fim a kansu mai suna Issakaba, da Sam Dede a matsayin shugabansu Ebube, kaset ɗinsa ya zaga ƙasar nan. Ba a daɗe ba aka fara kuka cewa ana kai musu abokan gaba da abokan hamayyar siyasa da waɗanda ake bi bashi. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta tura 'yan sanda suka watsa su, aka fito da mutanen da suke tsare da su.

A Kano ma an san irin wannan. A shekarun 1950 jam'iyyu suka ɗebi 'yan tauri da 'yan farauta suka mai da su 'yan banga, don su kare shugabanni a wurin lacca. Siyasa takan wuce, wuƙa kuwa tana nan a ƙugu, kuma wannan yana cikin tushen dabar da ta dami unguwanni daga baya. Wanda ya ɗauki mai wuƙa aiki ya ba shi lasin, kuma karɓe lasin ya fi bayarwa wuya. Ga ma'anar sunan nan da Hausawa suka raɗa wa ɗan wasan Indiya.

A Zamfara, tun wajen 2011, satar shanu da fashi suka sa ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai. Cikinsu akwai mazaje da suka ba da rayukansu don kare garuruwansu, ba mai musun wannan. Amma waɗansu suka shiga kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba tare da bincike ba, dangin waɗanda aka kashe suka shiga daji suka nemi bindiga, ramuwa ta bi ramuwa. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka auka wa taron 'yan banga a 'Yargaladima ta ƙasar Maru suka yi kisa mai yawa. Garin neman gira aka rasa ido. Daga baya gwamnatoci suka ga gara a sa masu tsaron gari a ƙarƙashin doka, da horo da albashi da shugaban da za a tuhuma, Katsina ta kafa nata a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024.

Abin da ya fi kusa da zukatan Kanawa shi ne na Uromi a jihar Edo. A ƙarshen watan Maris na 2025 waɗansu mafarauta suka taso daga jihar Ribas za su gida yin ƙaramar salla, da yawansu mutanen ƙasar Bunkure ne. 'Yan sintirin garin suka tsai da motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka yi shela cewa an kama masu satar mutane. Jama'a suka taru, aka kashe mutum 16, aka ƙone su. Mutanen yankin sun sha wahalar masu garkuwa da mutane, wannan gaskiya ne, kuma kowane ɗaya cikin masu jifa yana ganin Gabbar ne a gabansa. Gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya, amma ta'aziyya ba ta mai da uba ga marayu. Da an kai mutanen nan gaban hukuma da ransu, da tambaya ɗaya ta isa ta warware al'amarin.

Fasali na nasiha

Ga 'yan kasuwa, waɗanda da kuɗinsu ake biyan masu gadi a Nassarawa da Bompai da bakin rumfuna: tsaro halal ne, biyan ladansa ma halal ne, amma wanda ya biya yana da rabo cikin abin da aka aikata da kuɗinsa. Ya kamata a san sunan kowane ɗan sintiri da gidan ubansa, mai unguwa da 'yan sanda su san da shi. A gaya masa tun ranar ɗauka cewa aikinsa ya tsaya ga tsarewa da kamawa da miƙawa. Kada a yi ɗakin tsare mutane a bayan kasuwa. Kada a aike shi karɓo bashi, ko tsorata abokin ciniki, gama ranar da aka fara haka ya tashi daga maigadi ya koma yaron gida mai makami. Idan kuma an kai ɓarawo hukuma, mai kaya ya daure ya je ya ba da shaida, ko da zai rufe shago yini biyu, domin da yawa daga waɗanda ake saki, rashin mai shaida ne ke sakinsu. Fatake su tuna su ne baƙi a garuruwan wasu, ihun ɓarawo da aka saba yi a gida yana iya tashi a kansu a wata tasha inda ba wanda ya san asalinsu.

Ga malamai: almajiri ya ji babin fashi da na ƙisasi daga bakin malaminsa tun bai koye su daga sinima da wayar hannu ba. A koya masa bambancin tunkuɗe mai auko wa da hukunta kamamme. Idan aka yi ihu a unguwa, dattijon da ya fito ya tsaya tsakanin taro da wanda aka kama, ya ce a kai shi gaba, ya ceci rai guda, ya kuma ceci mutum hamsin daga ɗaukar jini a wuyansu. Haka kuma malamai su ne ya kamata su gaya wa masu mulki gaskiya, cewa kada su zama kamar 'yan sandan Ramgarh, waɗanda ba a gani ba sai a ƙarshen wasa.

Ko a ƙarshen da Ramesh Sippy ya fi so, bayan Thakur ya kashe maƙiyinsa, kuka ya yi, hannuwansa ba su komo ba, Jai yana kwance matacce, Radha ta rasa wanda aka so a aura mata bayan takaba. Wannan ma yana cikin wasan, ko da yake masu tafi ba su cika tuna shi ba.

Allah ya ba shugabanni ikon tsai da adalci, ya tsare matafiya a kan hanya, ya ji ƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙi ba. Allah shi ne mafi sani. Haza wassalam.